Idan waya ta ce ruwa na tafe, wa za mu yarda da shi?

Zauren 'Yan Zangon Accra

Maigoro_Nima:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Damina ta kankama, Yuni ya ƙarato, kuma duk wanda yake zaune kusa da babbar kwatar da ke tsakanin Nima da Maamobi ya san abin da hakan yake nufi. Kwanakin nan saƙonni sun yi yawa a waya. Wannan ya turo cewa hukumar yanayi ta ce za a yi ruwa da iska da yamma, wancan ya turo murya wai za a buɗe dam ɗin Weija, wani kuma ya ce kada kowa ya kwana a ɗaki. Wasu da tambarin hukuma, wasu babu. Yaya mutum zai gane na gaske? In kuma na gasken ne, me ake so ya fara yi? Ina da yara ƙanana, da tsohuwa da ba ta iya sauri. Don Allah masu sani su taimaka.

Baba_SabonZango:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi tambaya mai kyau. Mu da muka ga wani dare a watan Janairun 2010 ba ma saurin tashi don an turo saƙo. Kwanaki kaɗan ke nan da girgizar ƙasar Haiti, kowa ya ga gawarwaki a talabijin, zukata a tsorace. Sai ga saƙon tes yana yawo cewa ƙasa za ta girgiza a Ghana kafin asuba. Ƙarfe biyun dare ana buga ƙofofi, wannan na kiran ƙaninsa a Kumasi, wancan na kiran uwarsa a Tamale. Muka fito da tabarmi muka zauna a fili, mata da goyo, tsofaffi da carbi, har aka kira assalatu. Gari ya waye babu abin da ya faru, hukumomi suka fito a rediyo suka ce ƙarya ce. Ɓarnar da daren nan ya yi ba ta rashin barci ba ce kawai. Tun daga ranar akwai dattawan da ko me ka karanta musu daga waya sai su ce "irin na wancan karon ne". Ranar da na gaske zai zo, waɗannan nake ji wa tsoro.

'YarMadina:
Baba na tuna daren nan, ina ƙarama. A filin makaranta muka kwana.

Injiniya_Sabis:
Baba ya faɗi gaskiya, kuma bari in ɗora a kai. Har yau babu wani masani a duniya da zai iya faɗa maka rana da sa'ar da ƙasa za ta girgiza. Duk saƙon da ya sa wa girgizar ƙasa lokaci, ka share shi tun kafin ka gama karantawa. Ruwan sama daban ne, shi ana iya hango shi, shi ya sa hukumar yanayi ta GMet take fitar da gargaɗi tana faɗin yankunan da hadarin zai ratsa da lokacin da ake sa ran isowarsa.

Yaya Maigoro, abin da ke shigowa waya iri uku ne, kuma mutane suna haɗa su. Akwai na WhatsApp, wanda kowa zai iya rubutawa ya manna masa tambarin da ya ga dama. Akwai saƙon tes da ake aikawa lamba bayan lamba, wanda in layi ya cushe zai iya makara. Sai na uku, wanda ƙasashe irin su Amurka da Japan da Jamus suke amfani da shi: ƙarfen sabis ne da kansa yake yin shela ga duk wayar da ke kewayensa a lokaci ɗaya. Ba ya neman lambarka, ba ya buƙatar data, kuma wayar tana yin wani kuka mai ƙarfi wanda bai yi kama da na kira ba. Amfaninsa shi ne mutumin Alajo zai samu, na Tema ba za a tashe shi a banza ba. Ku duba saitin wayoyinku, yawancin na zamani suna da wurin saƙonnin gaggawa. Ku bar shi a kunne.

Abu_Hamburg:
Injiniya, haka yake a nan Jamus. Kowace shekara ranar Alhamis ta biyu a watan Satumba, ƙarfe 11 na safe, ana gwaji a ƙasar baki ɗaya. Kana cikin jirgin ƙasa sai ka ji wayoyin kowa sun ɗauki ƙara tare. Amma kada a zaci da can suna da shi. Sai da ambaliyar watan Yulin 2021 ta ci mutum sama da 180, musamman a kwarin kogin Ahr, aka yi ta tambayar me ya sa gargaɗi bai isa ga mutane cikin dare ba, sannan suka shigo da tsarin. Abin da ya fi burge ni gwajin ne. Kowa ya san sautin, har yara.

Direba_Circle:
Ni duk wannan bayanin na ji. Amma ranar Laraba 3 ga Yunin 2015 ina kan hanya, kuma ina so ku ji abin da na gani. Ruwa ya fara da yamma kamar kullum. Kafin ka ce kwabo kogin Odaw ya cika ya tumbatsa, shataletalen Circle ya zama kogi, motoci na yawo a kan ruwa, fasinjana sun hau kan kujeru. Mutane suka yi abin da kowa zai yi, suka nemi inda ke da rufi da haske, suka fake a gidan mai. Mai ya malalo a kan ruwa, wuta ta kama. Sama da mutum 150 suka tafi a daren nan, aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa. Allah Ya ji ƙansu. Mutanen nan kusan kowa da waya a aljihunsa. Da a ce ƙarfe biyar an ce musu "kada ku bi ta Circle, kada ku fake a gidan mai", da wasu suna nan da ransu. Saƙon da ya ce "za a yi ruwa mai ƙarfi" kawai bai gaya mini komai ba, ina ganin hadarin da idona. Ku faɗa mini hanyar da zan kauce wa da inda zan tsaya.

Hajiya_MaiWaakye:
Amin ya Allah. Direba ka tayar mini da tsohon ciwo, ɗan maƙwabciyata yana cikinsu.

Ni matsalata daban ce. Saƙonnin nan duk da Turanci suke zuwa. Matan da muke kasuwa tare, rabinsu ƙaramar waya mai madannai gare su, kira kawai suke ɗagawa. In tes ya shigo sai su ajiye har yaro ya dawo daga makaranta ya karanta musu. Lokacin korona, da aka kulle Accra da Kumasi a ƙarshen Maris 2020, ai da harsunanmu aka yi ta bayani a rediyo, kowa ya gane. Me zai hana a yi wa ruwa haka? A yi murya da Hausa, da Twi, da Ga, da Ewe. Minti ɗaya ya isa.

Ɗan_Fadama:
Ku yi haƙuri, ni ina ganin an cika tsoro. Abin da Allah Ya rubuta ba waya ce za ta hana shi ba. Kakanninmu sun zauna a garin nan babu saƙo babu komai.

Ustaz_Alajo:
Ɗan'uwa Ɗan_Fadama, ƙaddara gaskiya ce, babu mai musun ta. Amma wanda ya koya mana imani da ita, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Kuma ya tabbata cewa a daren sanyi ko ruwa yakan umarci ladan ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu. Ka ga ke nan ladan ya taɓa zama mai yi wa jama'a gargaɗin yanayi, don a kare lafiyarsu. Kakannin da ka ambata kuwa, a zamaninsu ba a gine hanyoyin ruwa da bulo ba, kuma babu ledar da ke toshe kwata.

Ga Maigoro kuma, Suratul Hujurat aya ta 6 ta ba mu ma'auni: labari in ya zo, a bincika kafin a yi aiki da shi. Wanda ya tura saƙon da bai tantance ba ga guruf goma, yana da kaso a cikin firgicin da ya haifar.

MaiShayi_Maamobi:
Ustaz tunda ka ambaci leda, a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Da an fara yayyafi za ka ga mutane sun fito da bokitin shara suna juyewa a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ina za ta? Gidan na ƙasa da kai za ta. Mu muke jawo wa kanmu sannan mu ce ba a turo mana saƙo ba.

Hajiya_MaiWaakye:
MaiShayi, ba na kare masu zubawa, amma ka tambayi nawa ake biyan mai keken shara yanzu, kuma sau nawa yake shigowa lungu. Mace mai 'ya'ya biyar da ke sayar da koko, ka ce ta ajiye shara a ɗaki ɗaya da suke kwana?

MaiShayi_Maamobi:
Hajiya na ji, amma uzuri ba ya buɗe kwata.

Admin_Zaure:
Jama'a maganar shara babba ce, za mu buɗe mata nata zaren. A koma kan tambayar Malam Maigoro: yaya ake gane saƙon gaske, kuma me ake yi.

Binta_Jinya:
To bari in amsa kashi na biyu, a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Kawu Maigoro, aikin ba ranar ruwan ake fara shi ba. Yau ɗin nan ka samu leda mai kauri ka zuba Ghana Card ɗinku, wato katin ɗan ƙasa, katin inshorar lafiya, takardun haihuwar yara, da maganin Inna in tana shan na hawan jini ko na suga. Ka rataye ta a ƙusa sama, kusa da ƙofa, inda ko cikin duhu hannunka zai kai. Tocila a gefenta. Wayarka kada ta kwana babu caji a watannin nan.

In gargaɗi ya zo kuma ka ga ruwa ya fara taruwa a tsakar gida, fara kashe wuta daga mita tun hannunka da ƙafarka suna bushe. In ruwa ya riga ya kai soket, kada ka taɓa komai, ku fita kawai. Ku fitar da Inna tun ruwa yana idon sawu. Wannan shi ne abin da mutane suka fi yin sakaci da shi: ana tsayawa ɗaga katifa da talabijin, sai an gama a ga tsohuwa ba ta iya takawa. Ruwa mai gudu da bai kai tsakiyar ƙwauri ba yana iya kayar da ƙato, wanda ya kai gwiwa kuwa yana ɗaga ƙaramar mota. Ga kwatocinmu da yawa babu murfi, in ruwa ya shafe hanya ba ka sanin inda bakinsu yake.

Bayan ruwa ya janye ma ba a gama ba. Ku tuna kwalarar da ta addabi Accra a 2014. A tafasa ruwan sha, a zubar da abincin da ruwan kwata ya taɓa, yaro in ya fara gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da suga a nufi asibiti.

Lambobi: 112 na gaggawa ne gaba ɗaya, 191 'yan sanda, 192 'yan kwana-kwana, 193 motar asibiti. Don girman Allah ku hana yara wasa da lambobin nan. Duk kiran wasa yana tare wa mai neman ceto layi.

Maigoro_Nima:
Allah Ya saka da alheri 'yata. Ledar nan yau zan haɗa ta. Amma har yanzu ina nan kan ta farko. Jiya da dare aka turo murya a guruf ɗin dangi, mace tana kuka tana cewa an buɗe dam. Yaya zan yi da irin wannan?

Injiniya_Sabis:
Yaya, ka yi wa saƙon tambaya uku. Wa ya faɗa, yaushe, kuma ina? Na gaske yana ɗauke da sunan hukumar da kwanan wata da sunayen unguwanni. Muryar da ba ta faɗi rana ba tana iya zama ta shekara uku da suka wuce, ana sake jujjuya ta duk damina. Ka shiga shafin GMet ko na hukumar agajin gaggawa ta NADMO da kanka, ko ka kunna rediyo, babban abu ba ya minti goma bai fito a can ba. Sannan ka san ƙasar da kake. Ruwan Weija ta kogin Densu yake bi, su Tetegu da Oblogo yake shafa, kamar yadda aka gani a Oktoban 2022. Ba zai hauro Nima ba. Kai abin da zai dame ka shi ne ruwan da ya sauka a sama da ku ya biyo kwata. In kana da ɗan'uwa a can Tetegu, shi za ka kira.

Kawu_Ashaiman:
A ƙara da 'yan damfara. Bayan kowace ambaliya sai ka ga tes wai an ware wa waɗanda abin ya shafa tallafi, ka latsa nan ka cike suna. Ko a kira ka a ce za a turo maka kuɗi ta waya, ka faɗi lambar da ta shigo. Wani abokin sana'ata haka aka kwashe masa jarinsa, ga ɗaki ya jiƙe ga asusu ya bushe. Gargaɗin gaske ba ya tambayar lambar sirri, ba ya cewa ka biya ko sisi.

'YarMadina:
Injiniya, tambaya. A Disamban 2022 da ƙasa ta motsa a Accra da hantsi, wayata ta nuna mini saƙon girgizar ƙasa. To ba ka ce ba a iya sani ba?

Injiniya_Sabis:
Ƙanwata, wancan ba hasashe ba ne. Wayoyin Android suna da wata 'yar na'ura mai jin motsi. In wayoyi da yawa a wuri ɗaya suka ji girgiza, sai tsarin Google ya aika wa na kewaye. Girgizar ta riga ta fara, saƙon ne yake tsere da ita, don haka abin da za ka samu daƙiƙoƙi ne, wani lokacin ma sai ta wuce zai iso. A daƙiƙoƙin nan ba a gudu a matakala. A durƙusa, a shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ko a kare kai da hannu nesa da taga, a jira ta lafa sannan a fita fili. Kuma kada mu raina abin, Accra tana da tarihinta: girgizar 22 ga Yunin 1939 ta kashe mutum 17, kuma yankin Weija da McCarthy Hill da Gbawe yana yawan motsi.

Ɗan_Aboabo:
Gaisuwa daga Kumasi, ina bin ku tun safe. Mu nan wuta ta fi damun mu, ko da yake rafin Aboabo ma yana cika. Gobarar kasuwar Adum ta Maris 2025 kowa ya ga yadda ta yi, ku ma kun ga ta kasuwar Kantamanto a farkon shekarar. Abin da nake so in ce shi ne wayar da ake so ta cece mu ita ce kuma take jan mu zuwa ga haɗarin. Da an ji "wuta!" sai matasa su ruga wurin da kyamara a sama. Appiatse fa, a Janairun 2022? Motar da ke ɗauke da nakiyar haƙar ma'adinai ta kama da wuta, akwai waɗanda suka matsa suna ɗaukar bidiyo, ta tarwatse ta shafe garin. Haka fashewar gas ta Atomic Junction a Oktoban 2017. In ka ji an ce tankar gas ko ta mai ce, ko ka ji warin gas ya cika wuri, juya ka yi nisa, kada ka tayar da mota ko babur a wurin, kada ka taɓa makunnin wuta. Kuma ku bar wa motar kwana-kwana hanya.

Goggo_Sogakope:
Ni a bakin kogin Volta nake aure. Da aka fara sakin ruwan dam ɗin Akosombo a watan Satumban 2023, labari ya zo, mun ji. Amma mutane da yawa ba su zaci zai kai inda ya kai ba, don a rayuwarsu ba su taɓa ganin kogin a ƙofar gida ba. Zuwa Oktoba garin Mepe ya nutse, dubban mutane suka koma kwana a ajin makaranta. Abin da Direba ya faɗa shi ne. Mutum yana jin gargaɗi, amma zuciyarsa tana ce masa ba shi ake nufi ba. Su 'yan'uwanmu na arewa da ke bakin Farar Volta sun fi mu sabawa, don kusan duk shekara ana sanar da su in za a buɗe dam ɗin Bagre na Burkina Faso, amma su ma akwai mai tsayawa don masararsa ba ta nuna ba.

Ustaz_Alajo:
Shawarata, mu daina jiran komai ya zo daga sama. Kowace unguwa tana da masallaci da lasifika. A samu mutum biyu ko uku masu karatu da amana, su ne za su riƙa duba sanarwar hukuma, in ta tabbata su kira liman da mai unguwa da ɗan majalisar unguwa, ladan ya faɗa da Hausa. Tsohuwar da ba ta karanta tes tana jin muryar ladaninta, kuma ta yarda da shi.

Baba_SabonZango:
Malam, na yarda da rabi. Lasifikar masallaci amanarta ce ƙarfinta. Ranar da ladan ya ce a fita aka fita ruwa bai zo ba, karo na biyu babu mai motsi, kuma ka jawo wa masallaci magana. Sai an yi wa jama'a bayani tun yanzu a huɗuba cewa gargaɗi ba alkawari ba ne, hadari yana iya sauya hanya. Kuma maƙwabtanmu da ba Musulmi ba, da waɗanda ba sa jin Hausa, su ma ruwan ba ya tsallake ɗakunansu. A faɗa da harshe biyu.

Abu_Hamburg:
Baba, kuskure ko a ƙasashen da suka ci gaba yana faruwa. A Hawaii, Janairun 2018, an aika wa kowa cewa makami mai linzami na tafe, sai bayan minti 38 aka aiko cewa kuskure ne. Ba su watsar da tsarin ba, gyara shi suka yi.

Binta_Jinya:
A sa kurame da makafi da masu jego a lissafi. Kowane gida a san wa zai buga wa wa ƙofa. Kuma in kun kira 112, "bayan masallaci" ba kwatance ba ne a Nima. Ku rubuta lambar adireshin GhanaPost GPS ta gidanku a bango, sannan a tura yaro babba bakin titi ya tari motar, don ba ta shiga lungu.

Hajiya_MaiWaakye:
Duk kuna maganar dare. In gargaɗin ya zo ƙarfe ɗaya na rana fa, ina kasuwa, yara suna makaranta a ƙetaren kwata? Ni dai rufe tukunya zan yi in je in kwaso su.

Direba_Circle:
Hajiya, in ruwan bai sauko ba kuma kina da sa'a guda a hannu, je ki. In ya riga ya fara, wallahi ki bar su. Makaranta mai bene ta fi hanya aminci sau goma, kuma yawancin waɗanda na ga ruwa ya ja, a hanyar komawa gida ya same su. Ki karɓi lambar malaminsu tun yanzu, ki roƙe shi kada ya sallame su cikin ruwa.

Hajiya_MaiWaakye:
Tasu ba mai bene ba ce, kuma a gangare take. Gobe zan je in ga hedimasta in ji inda suke kai yaran in ruwa ya shigo aji. Wanda 'ya'yansa suke makarantun wajen Alajo da Kotobabi ya yi mini magana ta gefe, mu tafi tare, an fi sauraron iyaye in suna da yawa.